Lamba Goma Sha Huɗu

Kakana mai awon gyaɗa ne a Bagalam.
Shekara arba'in hannunsa na kan sikeli,
ko tiya guda ba ta taɓa shige masa ba.
Sai wata Laraba ya fita sallar la'asar,
aka tsinto shi bakin Gulbi, takalmi a hannu,
yana tambayar masu ban-ruwan tumatir
ko sun ga innarsa ta wuce da tulu.

Kowa a unguwa ya tofa nasa.
Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska,
gwaggona ta ce gigin tsufa ne, a ƙyale shi.
Aka yi turare, aka sha rubutu,
sai da dabara ta ƙare muka nufi asibiti.

Can muka iske Dakta Barira Lawali,
likitar ƙwaƙwalwa, mai tabarau ɗaure da zare.
Takardar gwajin da aka aiko mata daga ƙetare
cewa take: zana agogo, faɗi kwanan wata.
Kakana bai taɓa ɗaura agogo ba,
inuwar bedi ke gaya masa azahar.
Ta dubi takardar, ta dubi tsoho,
ta kife ta bisa tebur.

Ta ce, "Baba, yau kasuwar ina ke ci?
Lissafa mini hatsin da ka sani."
Ya ce zango, ya ce maiwa,
ya tsaya kamar wanda ya kai bakin rijiya ba guga.
"To na ba ka jika guda,
na sayi gyaɗar dala tamanin. Nawa ne canjina?"
Ya motsa yatsu. Ya dubi rufi.
Ta rubuta wani abu, ba ta matsa masa ba.

Shekara shida tana bisa babur,
Tibiri, Jiratawa, Madarunfa,
jaka a baya, tambayoyi a baki.
Ta zauna da tsofaffin da aka kulle a ɗaki,
da wata tsohuwa da yara ke jifa suna kiranta mayya
don ta shiga gidan da ba nata ba ta hura wuta.
Dakta ta ce wa mai gari, "Ciwo ne. Yana da suna."
Daga ranar aka daina jifa.

Ta tattara abin da ta gani, aka buga.
Ɗalibai a Dakar suka karanta,
a Wagadugu suka sauya gyaɗa da auduga,
a Kano suka mai da dala naira,
kowa ya ɗinka rigar daidai wuyan tsofaffinsa.
Awon Barira suke ce masa yanzu.
An ce littattafai ɗari uku da 'yan kai
sun ambaci sunanta a gindin shafi.

Ni ma da na shiga jami'a na nemo aikin.
A shafi na tara, cikin wani jadawali, na gan shi:
lamba goma sha huɗu, namiji, ɗan kasuwa,
shekara saba'in da tara.
Mutumin da ya rasu bai san sunana ba
yana can yana koyar da likitocin duniya.

Amma akwai abin da bai shiga jadawali ba.
Zuwanta na ƙarshe gidanmu, ana yayyafi,
ya riga ya daina gane kowa,
ko furar da yake so sai an tuna masa haɗiya.
Ta gaishe shi, bai amsa ba.
Ta ɗauki jaka, ta kai bakin zaure,
sai muka ji murya daga kan tabarma:

"Yarinya, dawo.
Dala ɗari da ashirin.
Kada ki tafi ki bar canjinki."