Akurkin da Na Gina a Garwa

Bara shaho ya ɗauke mini 'yan tsaki tara,
muzurun gidan Buba ya ƙarasa uku.
Na tsaya a tsakar gida na yi rantsuwa:
bana ko inuwar fiffike ba za ta gan su ba.

Na sayo tsohon kwano mai tsatsa,
na rufe sama, na toshe gefe,
ƙofar ma sai da na sa mata kwaɗo.
Dusar masara da safe, dusar masara da yamma,
ruwa a fasasshen kasko.
Na ce na gama musu gata.

Sati na uku, 'yar wake-waken nan,
wadda ta fi kowa rigima a bakin kasko,
ta dunƙule yatsunta
kamar yaro ya ɓoye dala a tafin hannu.
Ta miƙe, ta faɗi.
Ta dogara da fiffike tana jan gwiwa a ƙasa.
Kafin Juma'a sun zama huɗu.

Iya Dudu ta leƙo ta katanga ta ce baki ne,
a ɗaura musu jan zare.
Na ɗaura. Zaren ya yi kyau a ƙafar da ba ta takawa.

Hamajoda mai maganin dabbobi ya zo a kan babur,
daga can wajen gadar Binuwai.
Bai fara duba kaza ba.
Hannu ya tsoma a dusa, ya murza, ya shinshina,
ya ɗaga kai yana neman rana a rufina, bai samu ba.
Ya ce, yaushe rabonsu da ɗanyen ganye?
Yaushe rabonsu da gara?
Na yi shiru.
Ya ce, Baba, ciki a cike, ƙashi da jijiya na yunwa.

Ya ba ni garin bitamin, rawaya, na sefa ɗari biyar,
a riƙa kaɗawa a ruwa.
Ya ce wannan aro ne kawai.
Zogalen bayan ɗakinka, kan kifin da kake zubarwa,
ɓawon ƙwai a daka, da hantsi,
su ne na gado.

Ran nan na cire kwaɗon.

Uku sun warware, yau har tsere suke zuwa juji.
Wake-wake kuwa na makara da ita.
Tana tafiya a karkace,
ƙafa ɗaya na tambayar ƙasa kafin ta taka.

Yanzu kowane hantsi ina kan turmi da sanda,
gwiwoyina, masu nasu ƙorafin, suna shan rana tare da su.
Shaho na sama yana lissafi.
Ni ma ina nawa,
ita kuma tana tono kusa da ƙafata
da yatsu biyun da suka amsa kira.