Daren da Ƙasa Ta Yi Gyaran Murya

Ba ta daɗe ba.
Ko Fatiha ba za ka kai ƙarshe ba.
Kofin shayi ya taka rawa a kan tebur,
ƙusa ta saki kalanda,
karnukan Gbawe suka ɗauki haushi baki ɗaya,
sai tsit.
Muka fito da ɗaurin ƙirji, da gajeren wando, da yara a kafaɗa,
muna kallon juna kamar waɗanda aka kama da sata.

Ni kam an kama ni.

Shekara ashirin da shida ina buga bulo a Ankara.
Buhun siminti, in da tsoron Allah, talatin yake haifa.
Ni na sa shi ya haifi hamsin.
Yashi ba ya kai ƙara,
mai gini yana son araha,
sidi kullum sai ramewa,
na ce da zuciyata: ai ƙasa ba ta motsi.

Da safe rediyo ta kawo wani malamin jami'a.
Ya ce abin da muke takawa ba falle ɗaya ba ne,
akwai tsaga a can ƙarƙashi, inda dutse ke gogar dutse,
tana tara nauyi shiru, shekara da shekaru,
kamar mai bin bashi da ba ya tuni.
Ya ce girgiza ba ta cika kisa da hannunta ba,
bango take aikowa.
Na kashe rediyon. Koko ya ƙi wuce maƙogwaro.

Kakata Adiza ta sha ba mu labarin ta zamanin Turawa,
yadda suka kwana a fili, kowa yana tsoron ɗakinsa.
Mukan yi dariya, mu ce tsufa.
Lokacin garin bai fi tafin hannu ba.
Yanzu ya hau dutse, ya cike fadama,
bene a kan bene, a kan bulona.

In babbar ta zo, wa zai iya lissafi?
Rumfunan Makola da kayan bashi a ciki,
bututun ruwan Weija,
hanyar Kasoa da ke shaƙewa ko ba a yi komai ba,
hayar shekara biyu da aka biya gaba,
tukunyar Memuna mai wake da shinkafa,
wadda kuɗin makarantar yara huɗu ke tafasa a cikinta.
Abin da aka tara da cokali
za a kwashe shi da katafila.

La'asar na je wajen Zuwaira.
Hawa na uku take, ita da mijinta da ɗan yaye.
Ta ce, Baba, lafiya lau, ɗan zane ne kawai,
ta ɗage labule.
Tsaga ce daga taga har silin,
jikana yana cusa yatsa a ciki, yana dariya.
Na karce da farce, gari ya zubo a tafina.
Na san yashin nan
kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta a cikin taro.

Ban faɗa mata ba.
Na ce su jawo gado daga jikin bango.

Yau na ce wa Isaka, yarona: talatin.
Ya tsaya da shebur a sama, ya ce, Oga?
Na ce talatin.
Lamte ya ji sabon farashi, ya tsallaka titi,
can suna ba da hamsin, har da gyara.

Waɗanda na riga na sayar, ba su da hanyar dawowa.
Suna tsaye a Mallam, a Awoshie, a Sabon Zango,
mutane suna jingina da su, suna salla a bayansu.

Da dare nakan kifa kwalba a bakin gado,
bakinta a ƙasa, gindinta a sama,
in kwanta ina saurare.