Warin Silifa

Asuba a Samaru ba ta jiran kowa.
Tukur na hura gawayi, ni ina guga,
rediyo na faɗin farashin masara a Giwa,
shi yana musu da shi kamar zai ji.
Ƙarfe bakwai babur ya tashi bayan tari uku.
Ya sauke ni a ƙofar asibitin Shika,
ya juya wurin irinsa na dawa da wake,
masu lamba a wuya kamar 'yan fursuna.

Ranar Alhamis aka yi walimar sallamar ogansu.
Na sa leshin nan mai cizo a hammata.
Jawabi goma sha ɗaya, kowa "ba zan tsawaita ba",
shinkafa ta huce a roba, lemo ya yi ɗumi.
Daga layin maza ya ɗaga mini gira ɗaya,
na danne dariya da bakin mayafi.
Shekara tara ke nan muna hira da gira,
ba wanda ya taɓa kama mu.

Asabar ba tamu ba ce,
ta matan Tudun Jukun ce, ajin yamma a zauren Malam Barau:
ni da alli, shi da guduma yana ɗora ƙafar benci.
Iya Lantana mai ƙosai, sittin da 'yan kai,
ta rantse ba a haife ta don baƙi da wasali ba.
"Ke 'yar nan, hannun da ya saba da ludayi,
ina shi ina wannan tsinke?"

A kan kwaba akwai gwangwanin madara
da muka huda, muka rubuta masa teku.
Sau uku muna fasa shi kafin lokaci:
tayar babur, yoyon kwano a Agusta,
sai idon Inna da aka yi wa aiki.
Mu ruwan da muka sani Kubanni ne,
wanda ake kiran mutum daga tsallakensa ya amsa.

A na huɗu muka tafi.
Kwana guda a mota, ƙafafu sun kumbura,
Badagiri ta tarbe mu da kwakwa da iska mai danƙo.
Tukur, mai musu da rediyo, ya yi tsit.
Ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya taka a hankali
kamar mai shiga ɗakin surukai.
Igiyar ruwa ta zo ta gaishe shi,
ta koma da silifansa na hagu.
Ya bi ta taku biyu, ya tsaya, ya ce,
"Bar shi, ya fi mu rabon yawo."
Na yi dariya har na zauna a jiƙaƙƙen yashi.

Na cika gora na kawo wa aji tsaraba.
Aka zagaya da ita, kowa ta laso da yatsa.
Iya Lantana ta yamutsa fuska:
"Wadda ta yi miyar nan hannunta ya yi nauyi."
Can ta ce, "Ina iyakarsa?"
Na ce ban gani ba.
Ta yi shiru. Ta ɗauki alli ba wanda ya sa ta,
ta gyara ɗaurin zani, ta tsaya gaban allo,
ta ja baƙi, ta ja wasali, suna karkacewa
kamar ƙosan da aka saka da gaggawa.
Teku. Rubutunta na farko.
Ba mu goge ba har Asabar ta zagayo.

Warin silifan yana nan bayan ƙofa.
Na ce a yar, ya ce ɗan'uwansa na kan hanya.
Jiya da dare na gan shi yana cusa ɗari biyar
a sabon gwangwani, bai rubuta masa komai ba.
Na ɗaga gira. Ya ɗaga tasa.
Aka ɗauke wuta, muka ƙarasa tuwon a duhu.