Ƙarshen Dogo

A Ƙaura layin dogo ya ƙare,
nan ni kuwa na ce zan fara.

A bayan rasit na rubuta labarin,
a shagon cajin wayar yayana.
Shafi arba'in da ɗaya.
Na talatin ɓera ya ci rabinsa,
sai na bar jarumin ya yi shiru a wurin.
Daga baya aka ce shirun ya fi ko'ina kyau.

Kyamarar ta Mande ce, mai ɗaukar biki.
Litinin zuwa Alhamis ya ara mini,
Juma'a akwai ɗaurin aure a Kasuwar Daji.
Kekena ya tafi a kuɗin fetur.
Baro na hau, Ɗan'ige na turawa gefen dogo,
na riƙe numfashi
kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.

Labarin yana son jirgi.
Jirgi kuwa ya daɗe bai leƙo mu ba,
ciyawa ta yi jikoki tsakanin ƙarafa,
awaki sun gaje bencin fasinja.

Baba Jariri, da ya tsufa yana ɗaga tuta,
ya dube ni ya ce, "Wanga yaro,
ba a kiran jirgi awa kaza.
Ɗauki fuskar mai jira, ta ishe ka."
Na ɗauki tasa.
Bai san na kunna ba.

Ranar Laraba aka kira Hassi, jarumata,
makarantar ungozoma a Gusau.
Na kwana ina kashe ta a takarda,
da asuba kunya ta kama ni,
na sa ta a mota kawai.

A zanin gadon Inna muka haska,
bayan isha'i, a harabar firamare.
Mutum sha tara,
har da mai shayi da ya zo bin bashi.
Janareta ya mutu sau biyu.
Inna ta ce, "Duk faɗin garin nan
sai katangarmu da ta zube ka nuna wa duniya?"

Kukan jirgin, a bakin kwalba na hura shi.
Da ya fito a lasifika
Baba Jariri ya miƙe tsaye,
hannunsa na laluben tuta a gefen riga.
Ba wanda ya yi dariya.

Da safe na koma shago.
Waya sha biyu na jiran wuta,
yayana ya sayo sabon littafin rasit.
Na juya bayansa.