Wajen Mushe, Bayan Tashar Kamba

Bayan tasha, inda kwalta ta gaji ta koma rairayi,
akwai wata shuɗiyar ƙofa da ba ta da suna.
In ka tambaya, sai a ce maka: wajen Mushe.
Kada ranka ya tashi, ba mushen dabba ba ne.
Hamani ne. Shekara ashirin yana kuku a Yamai,
gidan wani Bafaranshe mai auna ruwan sama.
Ya dawo da laƙabi, da tukunyar ƙarfe guda,
da wuƙar da ko matarsa ba ta taɓawa.

Tebur biyar ne, na ƙirga.
Ɗaya na ɗingishi, an tallafe shi da murfin kwalba.
Shimfiɗarsu ja da fari, gida-gida kamar dara.
Ga baƙin allo jikin bango,
alli ya rubuta abin da ke akwai.
Abin da babu, ba a tambaya.

Na ce a yi mini da hanzari,
motar Birnin Kebbi saura mutum biyu ta cika.
Ya dube ni ta saman tabarau:
“Mai sauri, ga mai ƙosai can bakin hanya.
A nan albasa ce ke riƙe da agogo.”

Albasar Aliero ce, ya yanka ta siriri kamar zare,
tun hantsi take kwance cikin man shanu,
wuta ƙasa-ƙasa, ba a tsawata mata,
har ta manta da yajinta ta koma zaƙi.
Ya zuba romon ƙashi,
ya karyo burodi dogo kamar sandar makiyayi,
ya gasa, ya ɗora cuku ya narke a kai.

Cokali na farko ya ƙona mini harshe.
A na biyu na daina duban ƙofa.

Gado, tsohon kwastan, ya shigo bai ce komai ba,
kwanonsa ya riga shi isa kujera.
Zalika ta asibiti ta tuɓe takalmi ƙarƙashin tebur,
tana tsame burodi da ido a rufe.
Wasu fatake biyu na gardamar naira da sefa,
muryarsu na hawa, na hawa,
sai ga kifi ya sauka tsakaninsu.
Shiru.

Giwan ruwa ne, da safe ya baro Lolo,
lemon tsami, tafarnuwa, ɗan gishiri,
ba yaji mai sa hawaye, ba magi.
Na ce, “Mushe, ina barkono?”
Ya ce, “Ka fara jin kifin tukuna,
ai shi ma yana da magana.”

Daga tasha na ji oda, sau uku.
Yaron mota na kiran mai shuɗiyar hula.
Na taɓa hulata. Na dubi farantina,
saura gefe guda ban juya ba.
Na juya shi.

Da ƙurar motar ta kwanta
sai Gado ya tuntsire da dariya har da tari.
Hamani ya ɗauke kofina ya kai tebur na biyar,
na jikin taga, wanda tun ɗazu ba mai zama.
“Wannan na waɗanda mota ta bari ne.”
A bangon wajen sunaye ne rututu da gawayi,
wani daga Jega, wani daga Gaya, wata daga Zuru.
Ya miƙo mini guntun gawayi da baƙin kofi.

Lissafina ya rubuta a gindin allo,
na biya, ya shafe da gefen hannu.
Kofi ba ya ciki.

Washegari na isa taron da na yi wa latti,
shugaba na faɗa, ina ba da haƙuri,
hannun rigata kuwa, can ƙasa-ƙasa,
yana ta ƙamshin albasa.