Kwana Arba'in da Tara

Babana Tanimu rediyo yake gyarawa
a wata rumfar kwano a bakin titin Fagge.
Ƙaurin dalma shi ne turarena na farko.
Yakan ce, abin da aka kawo maka wai ya mutu
tambaye shi tukuna,
wataƙila barci yake.

Ga ni yau da ƙarfen liƙinsa a hannu,
sai dai majinyatana ba sa waƙa.
'Yar ƙwaƙwalwa ce, ba ta kai farce ba,
baƙa, da ƙafafu jere kamar kaska.
Ina rubuta mata aiki layi bayan layi:
in tanki ya cika, ki tsaya,
in rana ta yi sanyi, ki sassauta,
in rijiya ta ja baya, kada ki ƙona injin mutane.

Ɗakinta ƙunci gare shi.
Kowace kalma sai na auna ta
yadda Inna ke auna manja ƙarshen wata.

Inna ta ce, wai me kake yi ne, Nafi'u?
Na ce, ƙarfe nake koya wa hankali.
Ta ce, to Allah ya ba ka naka tukuna.

Na ɗaura ta a burtsatsen Ɗorayi ranar Talata.
Ruwa ya zubo. Masu kura suka yi layi,
mai unguwa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.
Na yi sati bakwai ina tafiya kamar mai sabon takalmi.

Rana ta arba'in da tara, kafin asuba,
waya ta yi ƙara.
Injiniya, abinka ya yi shiru.

Na sauka daga adaidaita, jarkoki suka zuba mini ido,
rawaya, baki buɗe, wajen sittin.
Batir lafiya. Sola lafiya. Waya ba ta tsinke ba.
Wata tsohuwa ta ce ko aljanun wurin ne ba a sallama ba.
Ban musa mata ba.

Dare uku, fitila a baki, nepa ta ɗauke,
shayin Ɗanjummai ya huce a gefen kwamfuta.
Na buɗe cikin manhajar da na aro,
domin masu ita ba su sa mata kwaɗo ba,
na bi sawu har na iske wurin:
agogon cikinta ƙirga yake tun ranar da na kunna,
ya ƙirga, ya ƙirga, har lambobi suka ƙare masa,
ya koma sifili,
ya zauna yana jiran lokacin da ya riga ya wuce.

Barci take, Baba.

Layi biyu ne gyaran.
Na tashe ta, ruwa ya yi tari, ya taho.

Abokina Mudassir ya ce, ɓoye abinka,
sirrin sana'a shi ne jari.
Na yi shiru ina tuna randar ƙofar gidanmu,
da moɗa ɗaure da igiya.
Ba mu taɓa tambayar mai sha sunansa ba,
kuma wani lokaci mukan tashi mu tarar an cika ta.

Duk kayan aikina haka na same su,
gayyar mutanen da ban san fuskarsu ba.
Sai na mayar da layi biyun inda na ɗebo.

Bayan kwana shida amsa ta zo
daga wata ƙasa da ban iya faɗin sunan garin ba:
an karɓa, mun gode.
Shi ke nan. Ko sisi.

Yanzu wani inji a wani wuri,
na awon madara ne ko fitilar asibiti, oho,
zai wuce kwana na arba'in da tara
bai san da ni ba.

Gobe Kurna za ni.
Sun ce tankinsu ambaliya yake.