Darasin Ruwa

Sha ɗaya na dare a Garin Malam.
Wuta ta tafi yawonta tun magariba,
ni kuwa ina kan turmi a gindin katanga,
hannu sama kamar mai rantsuwa,
don nan kaɗai rezo ke amsa sallamata.

Dala ɗari na gutsura daga cefanen gobe
na zuba wa salula.
Na rubuta: tafiyar ruwa, aji huɗu.
Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi,
sannan ta buɗe mini rumbun malaman duniya.

Wata malama, can inda ban san sunan garin ba,
ta tsara komai, Allah ya saka mata.
Ta ce a raba yara huɗu-huɗu,
a bai wa kowa kofin gilashi,
a ɗauko ƙanƙara a firjin makaranta,
a buɗe famfo.

Sai da na sauko daga turmin don dariya.
Yarana tamanin da uku ne, baiwar Allah.
Famfonmu yau kwana tara yana azumi,
mai garuwa ma sai ya ga dama yake waiwayowa.

Amma ban rufe ba.
Zanen nata ya yi kyau:
rana, tafki, kibiya mai hawa, kibiya mai sauka.
Na kwafe shi a kaye da hasken tocila,
batir na kukan saura bakwai.
Inda ta sa teku na sa tafkin bayan Birni,
inda ta sa dutse mai farin rawani
na sa namu duwatsun, baƙaƙe, masu zafi kamar tanda.

Da safe na ari butar shayin Baba Kanta mai gadi,
har da gawayinsa, da gargaɗinsa.
Ƙanƙarar dala biyar daga gidan Yagana,
na naɗe ta a zane na ruga kafin ta gudu.
Murfin tukunyata ya zama sararin sama.

Buta ta tafasa.
Tururi ya tashi ya daki murfi mai sanyi,
ɗigo ɗaya ya taru, ya yi nauyi, ya yi shawara,
ya faɗo a tafin Salmu.
Ta ce, Madam, an yi ruwa!
Na baya suka hau tebur.
Ban hana ba.

Sai Ma'aru, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba,
wanda ke zuwa a makare da shatin igiyar jarka a kafaɗa,
ya ce, to Madam,
namu da rana ke kwashewa kullum,
wa ake kai wa?

Na dubi allo, kibiyoyi biyu sun yi shiru.
Na ce, gobe.

Ga ni kuma kan turmi.
Na tambaya da Faransanci, na tambaya da Hausa,
an ba ni iska, an ba ni taswira, an ba ni tallar takalmi.
Kafin batir ya mutu na ɗauki hoton kayena
na tura wa Mushe Illiya a Tanut,
na rubuta masa: buta ɗaya ta isa,
amma ka shirya,
akwai yaron da zai tambaye ka.